Kubernetes: Me Ya Sa Kowa Da Yadda Yake Furta Sunan?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a fannin kwamfuta, kuma na fara koyon Kubernetes ta bidiyoyin YouTube. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kowane mai koyarwa da yadda yake kiran sunan. Ba'amurke ya ce 'kubanediiz', wani ya ce 'kyubaneitis', Ba'indiye kuma nasa daban. Sai ga wani ɗan ajinmu ya ce duk kuskure ne, wai kalmar Girkanci ce, kuma Girkawa 'kivernitis' suke cewa. Ina da ganawar neman aiki ta intanet da wani kamfanin waje, ina tsoron in buɗe baki in ji kunya. Wanne ne daidai?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'a a ganawar.

Tambayarka biyu ce a dunƙule. Ta farko, me ya raba bakin mutane a kan suna ɗaya da kowa yake rubutawa iri ɗaya? Ta biyu, kai da za ka zauna gaban masu ɗaukar aiki, wanne za ka riƙe? Bari in fara kwantar maka da hankali a kan ta biyun: furucin da ya fi yawo a tarukan masu wannan sana'a shi ne na Amurkawa, ku-ba-NE-tiiz, gaɓa huɗu, nauyin murya a kan ta uku. In ka faɗi haka, ko wani abu kusa da haka, babu wanda zai ɗaga kai ya dube ka. Amma ɗan ajinku ma bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ka. Sauran rabin ya cancanci a sani, domin shi zai cire maka tsoron gaba ɗaya, a kan wannan suna da ire-irensa da za ka yi ta gamuwa da su.

Daga ina sunan ya fito

Kamfanin Google ne ya fito da Kubernetes a 2014, injiniyoyinsa Joe Beda da Brendan Burns da Craig McLuckie suna kan gaba. Sun gina ta ne a kan darussan da suka koya daga Borg, tsarin cikin gida da Google ta daɗe tana tafiyar da kwamfutocinta da shi. A watan Yulin 2015 aka fitar da siga ta 1.0, aka miƙa ta ga gidauniyar CNCF da ke ƙarƙashin Linux Foundation. Aikin Kubernetes kamar na shugaban tasha ne: ga fasinjoji, wato manhajojin da aka ƙunshe cikin kwantena, ga motoci, wato kwamfutocin da za su ɗauke su, shi ne mai cewa wannan ya shiga nan, in mota ta lalace a hanya a sauya wa fasinjojinta wata.

Sunan kuwa κυβερνήτης ne, wato matuƙin jirgin ruwa, mai riƙe da abin juya akalar jirgi. Shi ya sa tambarinta sitiyarin jirgin ruwa ne mai ƙafa bakwai, shi ya sa kuma manhajojin da suka taso a gefenta suka bi sahun teku: Helm a Turanci wurin tuƙin jirgi ne, Istio kuma a Girkanci filafilan jirgi ne. Sunan ya dace da aikin ƙwarai. Matuƙi yana duban inda yake so ya je, yana duban inda iska ta kai shi, yana gyara. Kubernetes ma haka take yi dare da rana: tana kwatanta yanayin da ka ce kana so da yanayin da ake ciki, tana cike gurbin.

Wane Girkancin ake nufi?

Nan ne maganar ɗan ajinku take buƙatar ƙari. In mutum ya ce a furta yadda Girkawa suke furtawa, sai a tambaye shi: na wane zamani? An fi shekara dubu uku ana rubuta Girkanci, kuma ko da yake rubutun kalmomi da yawa ya tsaya cik, bakin masu harshen bai tsaya ba. Haruffa uku ne a cikin wannan suna suka yi tafiya mai nisa, kuma kusan duk saɓanin da ka ji yana komawa gare su.

Na farko shi ne harafi na biyu, ufsilon. A can asali "u" ne irin namu. A Atina ta ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa ya riga ya koma wani sauti da babu shi a Hausa, wanda ake yi in an zumɓura baki kamar za a ce "u" amma aka ce "i", irin u na Faransanci da ü na Jamusanci. Wasu yankunan Girka, kamar Boyotiya, sun riƙe tsohon "u" ɗinsu. Daga baya, wajen ƙarni na 10 zuwa na 11 miladiyya, zumɓura bakin ta faɗi, ya zama "i" zalla. Ke nan ku, da kü, da ki, duka ukun Girkanci ne, kowanne da zamaninsa.

Na biyu shi ne beta. A da "b" ne, ya yi laushi a hankali har ya koma "v". Akwai shaidar wannan da kowa zai iya gani da idonsa: lokacin da aka ƙera haruffan Sirilik daga na Girkanci, waɗanda Rashawa da Bulgeriyawa suke rubutu da su har yau, harafin da ke da siffar B ya shigo da sautin "v", dole sai da aka samar da wani harafi daban domin "b". Girkawan yau ma in za su rubuta sautin "b" na kalmar aro, haruffa biyu suke haɗawa, mi da pi.

Na uku shi ne eta, wanda ya zo sau biyu a ƙarshen kalmar. A da dogon "e" ne, baki a buɗe, yau ya koma "i". Masana suna yawan kawo wata shaida mai daɗi a kan wannan. Wani marubucin wasan barkwanci na Atina mai suna Kiratinus, a ƙarni na 5 kafin miladiyya, ya rubuta kukan tunkiya da beta da eta. In ka karanta da tsohon furuci, "bee bee" ne, kukan da duk wanda ya taɓa kiwo ya sani. In ka karanta da furucin yau sai ya zama "vi vi", kuma babu tunkiyar da take kuka haka.

Haɗa su ka gani. Mutumin Atina na dā zai ce wani abu kusa da kü-ber-NEE-tees. Na yau zai ce ki-ver-NI-tis. Kalmar tana raye a bakinsu, da ita suke kiran kyaftin ɗin jirgi, da ita suke kiran gwamnan jiha a Amurka, kuma daga tushenta suka samu sunan gwamnati. Sai dai a kiyaye abu ɗaya: tsohon furucin nan babu wanda ya naɗi muryarsa. Masana sun sake gina shi ne daga kurakuran rubutu a kan duwatsu da takardu, da ma'aunin waƙa, da yadda wasu harsuna suka ari kalmomin. Hujjojin suna da ƙarfi, amma hoto ne da aka harhaɗa, don haka duk wanda ya ce maka ga ainihin yadda masanin falsafar nan na Atina, Aflaɗon, yake faɗa, ya ɗan zarce.

Yadda Turawa suka raba gado

Da Girkanci ya koma makarantun Yammacin Turai, malaman da suka fito daga daular Rumawan Gabas ne suka koyar da shi, da furucin zamaninsu. A 1528 Erasmus, malamin nan ɗan Holan, ya wallafa wani rubutu yana kawo hujjar cewa ba haka mutanen dā suke faɗa ba. Ra'ayinsa ya yi rinjaye a makarantu, amma kowace ƙasa ta lanƙwasa shi ya dace da bakinta. Ingila ce ta fi yin nisa, domin a daidai waɗannan ƙarnoni dogayen wasulan Turanci suna ta sauya wuri, dogon "e" yana komawa "ii", dogon "i" yana komawa "ai".

Akwai misali a cikin sana'armu da za ka gane nan take. Manhajar da ake gwaji kafin a sake ta ana ce mata beta. Ba'amurke "beita" yake cewa, Baturen Ingila "biita", Bagirke "vita", mu kuma "beta". Wasalin da suka saɓa a kansa, shi ne dai eta ɗin da ke gaɓa ta uku ta Kubernetes. Saboda haka wanda ka ji ya ce "neitis" bai ƙirƙiro daga kansa ba, yana bin al'adar da ta ba shi "beita". Ƙarshen "iiz" kuma al'adar Turanci ce ga sunayen Girkawa masu ƙarewa da es, shi ya sa suke cewa Sokratiiz, wanda mu muka fi sani da Suƙraɗ ta hanyar littattafan Larabci.

Wannan kalma ta shiga Turanci har sau uku, kowane karo da fuska daban. Rumawa sun are ta tun da wuri suka ce gubernator, ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci, daga can Turawan mulkin mallaka suka kawo mana ita, muka ce gwamna da gwamnati. Karo na biyu, a 1948, masanin lissafi Norbert Wiener ya raɗa wa ilimin sarrafa na'ura da sadarwa suna daga wannan tushe, wato cybernetics, ya bi ƙa'idar Latin ta mayar da harafin kafa, wato k, zuwa c da ufsilon zuwa y, sai Turanci ya karanta "saiba", wanda yau ake ji a maganar tsaron intanet. Tun kafin shi, a 1834, masanin kimiyya Ampère na Faransa ya yi amfani da irin wannan suna ga ilimin mulki. Karo na uku shi ne na Google, waɗanda suka rubuta da k da u. Gwamna, saiba, kuba: tushe ɗaya. In har Turanci kansa ya furta ta iri uku, babu dalilin da zai sa wani ya tsare ka a kan iri ɗaya da sunan asali.

Kowane baki da ƙa'idarsa

Sauran bambancin da kake ji ba shi da alaƙa da Girkanci ko kaɗan. Mutum yana ganin haruffa, sai ya karanta su da ƙa'idar harshen da ya koyi karatu da shi.

Ba'amurke yana furta r ɗin da ke gaban b a naɗe cikin wasali, kuma t da ta zo tsakanin wasula biyu bayan gaɓa mai nauyi yakan lanƙwasa ta ta yi kama da d mai laushi. Shi ya sa kunnenka ya ji "nediiz". Yawancin mutanen Ingila ba sa furta r a ƙarshen gaɓa, kuma Turancin Nijeriya ya gaji wannan, don haka a Legas ko Abuja "kubanetis" za ka fi ji. "Kyu" ɗin da wasu suke farawa da shi kuwa ya samo asali ne daga yadda Turanci yake karanta harafin u a kalmomi da yawa, kuma da yake ana gajarta sunan zuwa kube, wanda ya yi kama da kalmarsu ta cube, wato murabba'i mai kusurwa takwas, sai "kyub" ya zauna a bakin mutane da dama. Mu ma muna da irin wannan a gida: wani ya ce kwamfuta, wani ya ce kwamfyuta.

Ba'indiye yakan naɗe harshe zuwa ganɗa in zai furta t ta Turanci, ya kuma kaɗa r sosai. Mai jin Sifaniyanci wasula biyar gare shi kamar mu, yana karanta abin da ya gani: ku-ber-NE-tes. Bajamushe ma kusan haka, sai dai yakan ja "ne" ɗin ya yi tsawo, wanda ya kusanto da tsohon eta ba tare da ya yi niyya ba. Bafaranshe yana kai nauyin murya ƙarshen kalma, kuma in ya karanta u da ƙa'idarsa sai ya faɗa daidai kan wasalin mutanen Atina na dā. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ɗan'uwanmu da ya yi karatu a Yamai ko Damagaram zai iya zuwa da wannan "kü" ɗin, kai da ka yi a Kano ko Zariya ka zo da "ku", alhali a gida harshenku ɗaya. Japanawa kuwa, da yake gaɓarsu ba ta son ƙarewa da baƙi, sai su ƙara wasali, su ce kubanetisu ko kubanetesu, kamar yadda muka ƙara "i" a ƙarshen gwamnati. Rashawa masu wannan aiki sukan taƙaita su ce "kuber" kawai.

Bakin Bahaushe fa? Hausa ba ta cika barin "e" a gaɓar da ta rufe da baƙi ba, takan mayar da shi "a", don haka "ber" zai fito "bar". Muna da dogon "e" na gaske, wanda Ba'amurke ba shi da irinsa. Kuma muna da karin sauti: gaɓar da Bature yake dannawa, mu sai mu ɗaga mata murya. Abin sha'awa, tsohon Girkanci ma haka yake. Alamar da kake gani a saman eta, a can asali ɗaga murya take nufi, daga baya ne ta koma nauyi. In ka ce ku-bar-NEE-tis, kana ɗaga murya a kan "nee", ba ka fi kowa nisa da asali ba, a wani ɓangaren ma ka fi Ba'amurken kusa.

Da a ce mai abin ya yanke hukunci

Za ka iya cewa to ai sai a tambayi masu manhajar. Akwai inda aka gwada haka, kuma sakamakon yana da darasi. Donald Knuth na jami'ar Stanford ya fito da TeX a 1978, manhajar da masana lissafi da kimiyya suke tsara rubutunsu da ita. Ya faɗa ƙarara cewa haruffan nan uku na Girkanci ne, tau da efsilon da khi, daga tushen da ya ba da kalmar fasaha, kuma a furta na ƙarshen daga maƙogwaro, irin sautin da ke ƙarshen sunan Bach, wanda mu muka sani a harafin خ na Larabci. Bajamushe da Barashe da Balarabe suka bi ba wahala, domin suna da sautin. Masu Turanci, waɗanda yawancinsu ba su da shi, suka ci gaba da cewa "tek" har yau, fiye da shekara 40. Leslie Lamport da ya gina LaTeX a kanta bai matsa wa kowa ba, shi ya sa "latek" da "leitek" suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Umarnin mai abu yana da daraja, amma ba ya dasa wa mutum sautin da babu shi a harshensa.

Abin da nake gani a aiki

Aikina kula da irin waɗannan kwamfutoci ne, kuma ina yin sa da abokan aiki daga nahiyoyi daban-daban ta intanet. A zama ɗaya sai ka ji sunan nan iri uku ko huɗu, kuma aiki bai taɓa tsayawa saboda haka ba. Ni injiniya ne mai sha'awar ilimin furuci, don haka abin da na faɗa maka a kan bakin kowace ƙasa shi ne abin da ya fi yawa, za ka haɗu da Bafaranshen da yake faɗa kamar Ba'amurke saboda a bidiyonsu ya koya.

Abin da na lura yana kawo tangarɗa shi ne sauya siffar kalmar. In ka haɗiye gaɓa ɗaya ka ce "kubanets", ko ka kai nauyin muryar gaɓa ta biyu, mai sauraro yakan ɗan dakata kafin ya gane, musamman in layin intanet yana yankewa. Wasulan kuwa, ko "ku" ko "kyu", ko "ne" ko "nei", ko "tis" ko "tiiz", kunne yana yafe su. Don haka riƙe gaɓa huɗu, ka ɗora nauyi a kan ta uku, ka faɗa a natse. Kada ka tilasta wa harshenka "nediiz" don ka yi kama da Ba'amurke, in ba ka saba ba sai ya fito a dagule, kuma t ɗinka mai tsabta ta fi saurin shiga kunnen Bajamushe da Ba'indiye da suke cikin ganawar.

"Kivernitis" kuma ka ajiye shi a matsayin ilimi. Daidai ne ga kalmar Girkanci ta yau, amma abin da kake magana a kai sunan manhaja ne da aka rubuta da u da b, kuma in ka faɗi haka a ganawa, da yawa ba za su gane abin da kake nufi ba. In ka samu abokin aiki Bagirke ya faɗa da bakinsa, kada ka gyara masa, harshen iyayensa ne. Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan harka shi ne in ga an yi wa sabon ɗalibi dariya a kan furuci har ya daina tambaya a aji. Yaro ya koyi sunan daga karatu, bai taɓa jin an faɗa ba, wannan alamar ƙoƙari ce. Wanda ya san tarihin da na ba ka a sama ba zai yi wa kowa dariya a kan wasali ba, domin ya san nasa ma aro ne.

A rubuce kuwa babu sassauci. Kwamfuta ba ta yafe harafi, kuma mai duba takardar neman aikinka zai lura in ka rubuta Kubernates ko Kubernetis. Za ka kuma riƙa ganin K8s, wato K da s da haruffa takwas ɗin da ke tsakaninsu. Wasu suna karanta shi "keits", wasu harafi-harafi, wasu kuma in sun gan shi sai su faɗi cikakken sunan, ni ma haka nake yi.

Akwai wani sunan da za ka fi yawan furtawa a ganawar fiye da Kubernetes kanta, wato kubectl, manhajar da ake ba da umarni da ita. Shi ma bakin mutane bai haɗu a kansa ba: akwai masu "kyub kontrol", akwai masu "kyub katil", akwai masu "kyub si-ti-el". Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, "kyub kontrol" ya fi sauƙin ganewa ga wanda bai saba da muryarka ba. In mai tambayar ya faɗi nasa daban, ba sai ka sauya ba, ba kuma sai ka ba da haƙuri ba. Lokacin da ya rage maka kafin ranar, ka kashe shi a kan abin da za a tambaye ka da gaske: sassan Kubernetes, kamar bambancin Pod da Deployment, yadda Service yake kai saƙo inda ya dace, da matakan da za ka bi in kwantena ta riƙa mutuwa tana tashi.